Gasar Kaɗi Da Saƙa: Manomi Shi Ne Na Farko

Jawabin malamin gona ga manoman auduga mazauna Akwatialine, Kumasi

Na gode da kuka bar sana'o'inku kuka zo. Ni yaro ne a cikinku, karatuna bai wuce firamare ba, aikina kuwa duba gonakin auduga. Saboda haka ku yi haƙuri da ni, ku saurara har in kai aya.

Watakila wani zai ce, me ya kawo maganar auduga Kumasi, ƙasar koko da rogo? Gaskiya ne, auduga ba ta son yawan ruwa da laimar kurmi. Amma da yawa a cikinku nan Akwatialine cin rani ne ya kawo ku. Wani yana ga tsofaffin ƙarafa, wani yana dako, wani yana ga injin shinkafa. Da ruwa ya sauka za ku koma gonakinku a wajen Tamale, da Wa, da Tumu, da Bolga. To, kafin ku tafi na ke so mu shirya wani abu tare. Abin nan kuwa gasa ce ta kaɗi da saƙa, ƙungiya da ƙungiya. Kowace ƙungiya za ta ɗauki auduga da anguryarta da safe, ta mai da ita ƙyalle kafin azahar.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Da gashin tumaki aka fara wannan gasa, watau ulu. A Ingila akwai wani gari, sunansa Newbury. A shekarar 1811 wani mai masaƙa a can, John Coxeter, ya ce shi yana iya aske tunkiya da safe, kafin rana ta faɗi gashin ya zama kwat a jikin mutum. Wani attajiri, Sir John Throckmorton, ya sa kuɗi gini 1,000 a kan lalle za a iya. Ran 25 ga Yuni, da ƙarfe 5 na asuba, aka aske tumaki biyu. Aka wanke gashin, aka sharce, aka kaɗa, aka saƙa, aka rina, aka busar. Da ƙarfe 4 na yamma aka miƙa wa teloli. Da ƙarfe 6 da minti 20 kwat ta gamu, attajirin ya sa ta a gaban dubban mutane. Awa 13 ke nan da minti 20. Kwat ɗin tana nan har yau a gidan zuriyarsa, Coughton Court. A 1991 mutanen Newbury suka sake gwadawa, suka kuwa gama.

Mu ba ruwanmu da cacar da ke ciki. Abin da na ke so ku duba shi ne, ba mutum ɗaya ya yi aikin nan ba. Da mai aski ya makara, ko mai kaɗi ya yi sakaci, da teloli sun zauna da almakashi a hannu har dare.

YADDA A KE YI YANZU

Har yanzu ana yin irin wannan gasa a ƙasashen da ke kiwon tumaki masu ulu. A Amurka, a birnin Harrisburg na jihar Pensilvaniya, ana babban nunin amfanin gona kowane watan Janairu, kuma gasar tana cikin abin da ya fi tara mutane. A kowace ƙungiya mai aski ɗaya ne, masaƙi ɗaya, masu kaɗi uku. Akan ba su awa biyu da rabi su fid da mayafi daga bayan tunkiya. Zaren tsaye an riga an ɗaura shi a masaƙa tun daga gida, na kwance kaɗai a ke kaɗawa a wurin. In an gama, alƙalai su duba askin, su duba zaren, su duba saƙar. Sauri yana da nasa maki, amma shi ɗaya ne daga cikin abubuwan da a ke dubawa. Daga nan a yi gwanjon mayafan a gaban jama'a.

Akwai kuma wata wadda ƙungiyoyi daga ƙasashe dabam dabam su ke shiga, kowa a garinsu, a kwatanta lokaci. Su mutum takwas ne, mai aski da almakashin hannu da mutum bakwai masu kaɗi da saƙar allura. Rigar sanyi su ke yi. Waɗanda suka fi kowa sauri sun gama kafin awa 5 ta cika.

Ku lura da lissafin nan, masaƙi ɗaya, masu kaɗi uku. Kaɗi ya fi saƙa cin lokaci. Iyayenmu mata sun san haka tun ba a haifi Coxeter ba.

MU AUDUGA GARE MU

Tumakinmu, ko Uda, ko Balami, ko 'yan gajerun nan na kurmi, gashi gare su, ba ulu ba. Ba ya kaɗuwa. Tumaki masu ulu a wannan yanki namu sai Masina, cikin ƙasar Mali, inda masaƙan Fulani su ke saƙa barguna da shi. Tun zamanin fataucin goro, barguna daga arewa suna biyowa ta Salaga su iso Kumasi. Asantawa suna kiran irinsu nsaa, kuma suna girmama su ƙwarai, har sun zama kayan sarauta. Ashe Kumasi ta daɗe da sanin darajar saƙar arewa.

Abin da Allah ya ba mu shi ne auduga. Da ita Kano ta yi suna. Baturen nan Barth da ya je Kano a 1851 ya tarar tufafinta suna kaiwa har Timbuktu. Da ita masaƙan Daboya da Yendi su ke fid da ƙyallen batakari, wanda a ke kira fugu, irin wanda Kwame Nkrumah ya sa a daren da aka karɓi mulkin kai, ran 6 ga Maris 1957. Nan kusa da mu kuma ga Bonwire, garin kente, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024.

Aikin taro kuma ba baƙo ba ne gare mu. Mun san gayya a gona. Mun san yadda mata kan taru a tsakar gida da dare, kowace da mazarinta, ana kaɗi ana hira. Sabon abu a nan guda ne kawai, watau a sa agogo, a sa alƙalai.

YADDA TAMU ZA TA KASANCE

Ga shawarar da na kawo. In dattawa sun ga wurin gyara, su gyara.

Kowace ƙungiya mutum tara.

1. Manomi. Shi zai kawo auduga daga gonarsa, kilo biyu, wadda ya cira da hannunsa ko hannun iyalinsa. Ba a yarda a sayo ba.

2. Mai gurza. Ita za ta raba auduga da angurya a kan magurji. Ku tuna, in an gurje auduga, abin da ya rage bai kai rabin nauyinta ba. Sauran duk angurya ce.

3. Mai shiɓa. Ita za ta buɗe audugar da baka har ta yi laushi, ta naɗe ta sutu sutu.

4. Masu kaɗi huɗu. Na ƙara ɗaya a kan na Amurka, domin su da keken kaɗi su ke yi, mu kuwa da mazari.

5. Yaro ko yarinya ɗaya. Aikinsa ya karɓi zare daga masu kaɗi, ya naɗa a kwarkwaro, ya kai wa masaƙi.

6. Masaƙi.

Wadari za a yi shi tun kafin ranar, da zaren hannu daga audugar manomin nan. Alƙalai za su duba shi kafin a fara. A ranar gasa abawa kaɗai za a kaɗa, watau zaren da ke cikin ƙoshiya. Za a fara da ƙarfe 8 na safe. Abin da a ke nema ƙyalle fari, faɗinsa yatsa huɗu, tsawonsa kamu shida. Da an kira sallar azahar kowa ya ɗage hannu, ko ya gama ko bai gama ba.

Iyayenmu mata da ba sa fita, ba sai sun fito ba. Su zauna cikin gida su yi gurza da shiɓa da kaɗi, a kafa masaƙa a ƙofar gida, yaro ya riƙa kai da kawowa. A sa tsohuwa ɗaya cikin alƙalai ta zauna tare da su.

Alƙalai uku sun isa. Tsohon masaƙi, da tsohuwa wadda ta san zare, da mai awon auduga. Kada a sa wanda ke da ɗan'uwa cikin ƙungiya. Bayan hukunci a yi gwanjon ƙyallayen, kowace ƙungiya ta raba kuɗin nata daidai, har da yaron.

ABIN DA ALƘALAI ZA SU DUBA

Na farko, tsabtar auduga kafin a taɓa ta. Na biyu, zare. Shin kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ko kuwa nan ciki nan wuya? Na uku, saƙa. Bakin ƙyalle ya miƙe? Bugun matsefi ya yi daidai? In an ɗaga shi ga rana, ana ganin rami? Na huɗu, tsawo. Na biyar, shi ne na ƙarshe, lokaci.

Da gangan na sa lokaci a ƙarshe. Sauri kan haifi nawa. Mai kaɗin da ta yi garaje, murɗin zarenta ba zai isa ba, sai ya riƙa tsinkewa a ƙoshiya. Duk sa'ad da ya tsinke masaƙi zai tsaya ya ƙulla, kowane ƙulli kuwa zai fito a fuskar ƙyalle, alƙali ya ƙirga shi. In kuma ta cika murɗi, zaren ya riƙa ƙudundunewa, ƙyallen ya ƙi kwanciya. Ƙungiyar da za ta ci ita ce wadda masaƙinta bai taɓa zama jiran zare ba, masu kaɗinta kuma ba su taɓa zama jiran sutu ba. Wannan ba ya samuwa sai da gwaji. Ku gwada sau biyu ko uku kafin ranar, ku ga inda aiki ke tsayawa, ku ƙarfafa wurin. In shiɓa ce ke baya, ɗaya daga masu kaɗi ta fara taya ta kafin ta ɗauki mazari.

MANOMI SHI NE NA FARKO

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, ni malamin gona. Ranar gasa manomi ba shi da aikin yi, sai ya zauna ya duba. Amma rabin makin ƙungiyarsa ya riga ya samo shi, ko ya zubar da shi, tun watanni kafin nan. Zare ba ya rufa wa gona asiri. Duk abin da ka yi mata, mazari zai faɗa.

In ka makara da shuka, ruwa zai ɗauke ƙwallon bai ƙosa ba. Gashin irin wannan auduga ba shi da ƙarfi. A wurin shiɓa sai ya riƙa yin 'yan ƙulle-ƙulle, a wurin kaɗi ya riƙa yankewa.

In ka bar tsutsa ta huda ƙwallo, ko jan ƙwaron nan ya tsotsi angurya, audugar za ta fito da tabo, rawaya ko ruwan ƙasa. Wanki ba ya fid da shi.

In ka bar ƙananan ƙwari suka zuba darɓa a kan audugar da ta buɗe, za ta yi danƙo. Mai gurza za ta sha wuya, mai kaɗi kuwa ko ta shafa alli ya ƙare, yatsunta ba za su daina kamawa ba.

In ka cira da garaje ka haɗo da busasshen ganye da ɓawo, mai shiɓa za ta ɓata awa guda tana tsincewa, mata huɗu na zaune suna kallonta.

In ka zuba a buhun taki, irin na leda, zaren buhun zai shiga cikin audugar. Fari ne, ido ba ya ganinsa. Sai ranar da aka kai ƙyallen marina, ko'ina ya kama baba, shi ya ƙi, ya fito kamar furfura. Wannan shi ne abin da masaƙun zamani suka fi ƙi a duniya duka.

Saboda haka ga abin da za ku yi bana.

1. Ku shuka cikin watan Yuni, da zarar ruwa ya zauna. Kada ku bari Yuli ta yi nisa.

2. Ku shuka irin da aka ba ku, kada ku haɗa shi da tsohuwar angurya ta gida.

3. In tsiro ya yi ƙwari ku rage, ku bar biyu a rami. Ku yi noman fari da wuri.

4. Ku riƙa shiga gona kuna duba ƙarƙashin ganye da ƙwallo. Feshi kuwa ku bi abin da malamin gonar yankinku ya faɗa. Ku rufe hanci da jiki, kada yara su taɓa magani, kada a zuba ruwan sha ko mai a mazubinsa.

5. Kada ku cira da sassafe. Ku bari raɓa ta bushe.

6. Kada ku jira gona duka ta buɗe. Ku cira sau biyu ko uku, domin wadda ta daɗe a buɗe ƙura da iska za su ɓata ta.

7. Kowane mai cira ya rataya jaka biyu na ƙyalle, ɗaya ta fara tas, ɗaya ta mai tabo. Kada su haɗu.

8. Ku shanya a kan tabarma ko rumfa, ba a ƙasa ba. Ku ajiye nesa da hayaƙi, da kananzir, da awaki.

9. Bayan an gama cira ku tuge itacen auduga ku ƙone, domin tsutsa kada ta sami wurin kwana har baɗi.

Kun ga babu sabon abu a cikin tara ɗin nan. Su ne dai abin da mu ke faɗa kowace shekara. Bambancin shi ne, a wurin awo in an ce audugarka daraja ta biyu ce, kana iya cewa mai awo ne ba ya sonka. Amma in uwarka ce ta ɗauki sutu ta ja, zare ya tsinke a gaban unguwa, wa za ka zarga?

AMSA GA MASU TAMBAYA

Wani zai ce, audugar nan ai da bashi muka noma ta, iri da taki da magani duk na kamfani ne. Haka ne. Alkawari kaya ne. Ku kai audugarku inda kuka yi alkawari, ku biya bashinku. Kada wani ya fake da gasa ya karkatar da buhu. Kilo biyu muka ce, kuma ka sanar da shugaban ƙungiyarku ta manoma kafin ka ware. Amma ku duba wannan. Hannun da ya tsabtace kilo biyu domin gasa, shi zai tsabtace sauran. Auduga mai daraja ta ɗaya ta fi ta biyu kuɗi. Wani lokaci wannan ratar ita ce tsakanin wanda ya biya bashi ya koma gida da canji, da wanda ya biya ya koma hannu wofi.

Wani zai ce, kaɗi aikin tsofaffi ne, ga zaren kanti ko'ina. Wannan ma gaskiya ne. Yawancin masaƙa yau zaren inji su ke saye, har da wanda a ke kawowa daga ƙasashen waje. Amma ku tambayi masu sayar da batakari, wanne ya fi daraja, na zaren hannu ko na zaren kanti? Sa'an nan ku ƙirga, a gidanku mata nawa suka iya murza mazari, shekarunsu kuma nawa? In waɗannan suka tafi ba su koya wa kowa ba, shi ke nan, babu makarantar da za a je a koyo. Don haka na roƙi dattawa a sa doka guda, a cikin masu kaɗi huɗu lalle ɗaya ta kasance yarinya wadda ba ta kai shekara 20 ba. Ƙungiyar da ke son ci dole ta zauna ta koya mata.

Wani kuma zai ce, ina lokaci? Mu da muka zo nema? Wuni ɗaya ne, rabinsa ma. Ko duniya ta ware wa auduga rana guda, 7 ga Oktoba. Ƙasashe huɗu ne na Afirka suka nema, Benin, da Burkina Faso, da Chadi, da Mali. Aka fara a 2019, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar a 2021. Mu a Oktoba audugarmu tana gona tukuna, saboda haka tamu ranar sai bayan an gama cira, kun dawo Kumasi. Dattawa su za su tsayar da ita.

ABIN DA ZA KU YI KAFIN KU TAFI

Kada ku bari sai kun dawo. Tun yanzu kowane manomi da ke so ya nemi mutanensa takwas. Ka fara da masaƙi, gama su ne kaɗan. In babu a Akwatialine, a duba Aboabo, da Asawase, da Sabon Zongo. Ba a ce sai Bahaushe ba. Badagombe, da Bagwanje, da Bamoshe, kowa ya shigo. Masaƙin kente ma in ya yarda da zaren hannu, marhaba da shi. Iyaye mata, ku binciko mazarai da gululu da magurji inda aka jefa su. Abin da ya ɓace a sayo daga arewa sa'ad da za a dawo. In ƙungiya ta cika, ku ba mai unguwa sunayenku, ni kuma zan zo in rubuta.

Kai kuma manomi, ranar da ka sa ƙafa a gonarka, ka tuna mutum takwas suna jiran abin da za ka kawo musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wanda ya yanko ciyawar shi a kan fara tambaya in ɗaki ya yi yoyo.

Wanda bai gane wani abu ba ya tambaye ni yanzu, ko ya kai wannan takarda ga malamin gonar garinsu ya karanta masa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya kai ku gida lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da ƙwari, ya sa mu ga ranar da rai da lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.